RINI A GIDA: ABIN DA KE SA LAUNI YA KAMA

Da wuya a shiga gida a ƙasar Hausa a rasa tufar da ta koɗe alhali kuwa ba ta yage ba. Wata farar riga ce da ta sha wanki har ta koma ruwan ƙasa, wani kuma zane ne da rana ta cinye launinsa. Mu ɗaliban makarantar kwana mun fi kowa sanin wannan, don kuwa zannuwan gadonmu da fararen kayanmu ba sa kai ƙarshen shekara da haskensu. Irin waɗannan kaya ba lalle ne a mai da su tsumma ba. Ana iya rina su a tsakar gida su koma kamar sababbi, da kuɗin da bai kai na sayen wasu ba.

To, amma mutane da yawa sun gwada abin bai yi musu daɗi ba. Sai mutum ya sayo garin rini a kasuwa, ya dama, ya tsoma rigarsa, launi ya fito gwanin sha'awa. Ranar wankin farko sai launin ya bi ruwa, ya kuma ɓata sauran kayan da aka jiƙa tare. Ga asarar kuɗi, ga asarar riga. Wasu ma har da ƙuna a hannu. Dalili kuwa shi ne, ba a rini kamar yadda ake shafa farar ƙasa a bango. Dole ne launin ya ratsa cikin zaren ya maƙale, kuma kowane irin zare da irin rinin da ke kama shi. Wannan shi ne abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

DARASI DAGA KAROFI

Kafin mu taɓa garin rini na kanti, ya kamata mu duba yadda marinan ƙasarmu suke yi, domin a wurinsu asirin yake. Wanda ya taɓa zuwa Kano ya san karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi tun shekarar 1498, kuma har yanzu ana rini a wasu ramukansa. Lokacin da Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin, ana kai rinannun tufafin Kano har Tumbutu da Tarabulus. Garin Kura da ke kudu da Kano ya yi suna wajen turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda Buzayen Agadas da sauran mutanen Sahara suke ji da su ƙwarai.

Ga yadda aikin yake. Ana haƙa rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, a shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Sai a cika shi da ruwa, a zuba busasshen baba da toka da katsi, watau laka ta gindin tsohon rini wadda aka busar aka ƙone. Daga nan sai a bar shi kwana da kwanaki, ana motsa shi da doguwar muciya, har ya ruɓa ya yi kumfa a sama. Marini yana gane rini ya nuna ta wurin warinsa da launin kumfarsa.

Abin mamaki shi ne, in aka tsamo farin zane daga ramin ba shuɗi yake fitowa ba. Yakan fito kore-kore mai ratsin rawaya, sai ya sha iska sa'an nan ya juye shuɗi a gaban idon mutum. Darasin kimiyya ya ba mu dalili. Launin baba ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba zai iya ratsa zare ba. Toka da katsi suna sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. A cikin irin wannan ruwa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan yi ta aiki, su cinye iskar oksijin da ke ciki, su juya launin baba ya zama mai narkewa. A wannan hali yake shiga cikin zare. Da an fito da zanen ya gamu da iska, sai launin ya koma halinsa na farko, ya daskare can cikin zaren inda ruwan wanki ba zai iya fid da shi ba.

Shi ya sa marini ba ya tsoma zane sau ɗaya ya ce ya gama. Yakan tsoma, ya matse, ya baza a iska, ya sake tsomawa, har sai launin ya kai inda yake so, tun daga shuɗi mai haske har zuwa baƙi. Bayan haka ne akan kai wa mabuga, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu har ya yi sheƙi. In ana son ƙyallin turkuɗi sai a buga da garin shuni. Wannan shuni na sama shi ne ke shafar jikin mai sawa, don shi ba a cikin zare yake ba.

ZUWAN RININ KANTI

Har tsakiyar ƙarni na goma sha tara, duk duniya daga itatuwa da ƙwari da ma'adinai ake samun rini. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, mai suna William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar gawayin ƙasa. Bai sami kwinin ba, amma ya sami wani launi shunayya wanda ya kama siliki. Daga nan masana'antar rini ta tashi. Wani masani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya haɗa launin baba a ɗakin bincike a 1880, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shi a 1897. Wannan ya karya noman baba a ƙasar Indiya, sannu a hankali kuma garin rini na Turawa ya cika kasuwanninmu.

Abin lura shi ne, rinin da masu kamfala da masu rinin shadda suke yi yau, har da matan Bamako masu rina shaddar nan da muke kira galila, hanyar karofi yake bi. Bambancin kawai, an sa soda a madadin toka da katsi, an kuma sa wani farin gari mai wari da ake kira haidiro a madadin ƙananan halittun nan. Aikin da rami ke yi a kwanaki, su suna yin sa a 'yan mintoci. Saurin nan kuwa yana da haɗarinsa, za mu zo kansa a gaba.

SAN KAYANKA KAFIN KA SAYI RINI

Tambayar farko ita ce, da me aka saƙa tufar? Zare iri uku ne. Akwai na tsiro, kamar auduga da rama, wanda da shi ake yin akoko da alawayyo da shadda ta gari. Akwai na dabba, watau ulu da siliki. Akwai kuma na roba, kamar foliyesta da nailan, wanda ake yi daga man fetur.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A zare ɗan zare daga cikin kalmasa, a riƙe da ƙarfe, a kusantar da shi ga ashana. Auduga takan ci da wuta, ta yi wari kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki sukan yi ƙaurin gashi. Na roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri.

Rinin soda da haidiro na auduga ne. In aka sa wa ulu ko siliki, sodar za ta cinye su. Su rininsu dabam ne, mai son ruwan zafi da ɗan tsami. Akwai kuma garin da ake dafawa da gishiri, wanda yake da araha da sauƙin aiki, amma ba ya jure wanki sosai, araha kuwa ba ta ado. Foliyesta shi ne mai taurin kai. A masana'anta sai da rini na musamman da zafin da ya wuce na tafasar ruwa ake rina shi, saboda haka a bokitin gida ba zai kama ba. In yadi gauraye ne, audugar ce kaɗai za ta ɗauki launi, sai ya fito fari-fari. Haka nan sau da yawa akan ga riga ta rinu sarai amma layin ɗinki ya tsaya fari, don tela da zaren roba ya ɗinka.

Abu na biyu, rini ba ya rufe launin da ke ƙasa, gauraya yake yi da shi. In aka sa shuɗi a kan rawaya, kore za a samu. Launi mai haske ba zai hau kan mai duhu ba. Tabon mai ko na goro kuma yakan leƙo ta cikin rini, sai fa in launin ya yi duhu ƙwarai.

YADDA AKE YI

Da farko a wanke kayan da sabulu da ruwan zafi. Sabon yadi yana ɗauke da sitaci daga masana'anta, tsohuwar tufa kuma tana da maiƙo, dukansu suna hana rini shiga. Bayan wanki kada a bari ya bushe. Jiƙaƙƙen yadi ya fi shan rini bai ɗaya.

Na biyu, a nemi babban bokitin roba da ruwan da zai rufe kayan su sake a ciki. Yawancin dabbare-dabbaren da ake gani a rinin gida ƙarancin ruwa ne ke kawo su. A dama garin rini da ɗan ruwan ɗumi tukuna har gudajinsa su mutu. Game da awon soda da haidiro, a tambayi mai sayarwa ko wanda ya daɗe a sana'ar, don ƙarfin gari ya bambanta, matambayi kuwa ba ya ɓata. In an haɗa, a rufe bokitin na ɗan lokaci har ruwan ya sake launi. Kada mutum ya firgita in ya ga ruwan bai yi kama da launin da ya saya ba, haka ruwan karofi ma yake.

Na uku, a gwada da ɗan ƙyalle irin na kayan kafin a tsoma babba. A tuna kuma jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu.

Na huɗu, a nutsar da kayan a hankali, ana juya su a ƙarƙashin ruwa. Ba a son kaɗawa da ƙarfi ko ɗagawa ana zubowa, domin iska na shiga, in kuwa iska ta shiga rini yakan mutu a bokiti tun bai shiga zare ba. Bayan 'yan mintoci a tsamo, a warware, a baza a inuwa har launi ya juye ko'ina. In ana son ƙarin duhu a sake tsomawa. Tsomi uku gajeru sun fi guda ɗaya mai tsawo.

Na biyar, a ɗauraye har ruwa ya fito garau, sa'an nan a wanke da sabulu a ruwan zafi don fid da launin da ya tsaya a sama. A shanya a inuwa. Wankin farko da na biyu a yi wa kayan su kaɗai.

ADO DA ƊAURI

Duk inda rini bai taɓa ba zai tsaya da launinsa na asali, kuma a kan wannan ne adon rini duka ya dogara. In aka ɗaure tsakuwa ko ƙwallon wake a cikin yadi da zare tamau, za a sami zobe-zobe. In aka naɗe yadin kamar maficin takarda aka ɗaɗɗaure, za a sami layi-layi. Ana kuma iya zana fure da fensir, a bi shi da allura da zare mai ƙarfi, a ja ya tattare. Yarabawan Abekuta da Ibadan sun shahara da adire, wanda suke yi ko da ɗauri ko da shafa kunun garin rogo a wuraren da ba a son rini ya shiga. Wasu kuma narkakken kyandir suke sawa, bayan rini a cire shi da ruwan zafi. Mai son launi biyu ya fara da mai haske, ya ƙara ɗauri, sa'an nan ya tsoma a mai duhu. Kada a kwance ɗauri sai an ɗauraye.

RININ ITATUWA DA KAYAN HANNU

Ba tufa kaɗai ake rinawa ba. Iyayenmu mata masu saƙar faifai da tabarma suna rina kaba, dukawa kuma suna rina fata. Karan dafi, wata irin dawa ce mai jan kube, in aka jiƙa shi da kanwa yakan ba da ja. Da shi ake rina fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Saiwar rawaya da gangamau suna ba da ruwan ɗorawa. Baƙi kuwa daga haɗuwar bagaruwa da ƙarfe yake fitowa. Fatar da aka jeme da bagaruwa, da an shafa mata ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki sai ta yi baƙi nan take. Ko a ɗakin girki akwai rini, domin ɓawon albasa yana ba da rawaya mai duhu, goro kuma ruwan ƙasa.

Sai dai yawancin launin itatuwa, ban da baba, ba sa kama auduga da kansu. Suna bukatar ɗan tsakani wanda zai riƙe zare da hannu ɗaya, ya riƙe launi da ɗayan. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne alif, wanda muke sawa a ruwa don ya kwanta. A jiƙa audugar a ruwan bagaruwa tukuna, sa'an nan a ruwan alif, daga baya a dafa ta cikin rinin. Akwai kuma launin da ko da alif ba ya daɗewa. Zoɓo yana da ja mai kyau a kofi, amma a jikin yadi yakan dushe da wuri, gangamau kuma ba ya jure rana. Irin waɗannan sun fi dacewa da kayan adon ɗaki.

HATTARA DA SODA

Wannan sashe nake roƙon iyaye su karanta da kyau. Soda tana cin nama. Tana kama da sukari ko gishiri, in an narkar da ita kuma ba a bambanta ta da ruwan sha. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa na iya ƙonewa ya tsuke har haɗiyar abinci ta gagare shi. Saboda haka kada a zuba ta a kwalbar lemo ko kofi, kada a ajiye ta inda hannun yaro zai kai.

Wajen haɗawa, sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, don takan yi zafi ta fantsamo. Kada a haɗa ta a tukunyar alminiyam, tana cin ta, tana kuma fid da iska mai kama wuta. Haidiro shi ma a ajiye shi a rufe a busasshen wuri, domin in ya sha danshi yakan yi zafi har ya iya tada gobara, warinsa kuma yana shaƙe ƙirji. A yi aiki a fili, da safar hannu ta roba mai tsawo, da abin kare ido, a kuma rufe hanci lokacin awon gari. Bokiti da muciyar rini kada su koma ɗakin girki.

In ruwan soda ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, don abin zai sake ƙona shi wajen fitowa. Kada a tsaya ba shi manja ko wani maganin gida, a kai shi asibiti nan da nan tare da mazubin abin da ya sha. Ragowar ruwan rini kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ɗalibin da ya koyi wannan aiki ba zai yi zaman banza a lokacin hutu ba. Zai iya farawa da tsohon zanen gadonsa, daga nan ya rina ɗankwali ko rigar matashi ya sayar, ya sami kuɗin sabulu da littattafan rubutu ba tare da ya ɗora wa iyaye nauyi ba. Ina ba da shawara ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta haɗa ƙaramin rinin baba a tulu, a rubuta awon kome da kwanakin da ya ɗauka. Wanda kuma akwai tsohon marini a garinsu, ya je ya gaishe shi da hutun nan, ya tambaye shi yadda ake gane rini ya nuna da yadda ake tada wanda ya mutu. Karofi da yawa a garuruwanmu sun riga sun cike da shara, masu wannan sani kuma tsufa suke yi. Abin da muka tambaya muka rubuta yanzu, shi ne zai rage wa na bayanmu.